Da Me Ake Auna Tasirin Malami Irin Chris King a Fannin Koyar da Kimiyyar Ƙasa?

Tambaya: Wani malami da ke koyar da labarin ƙasa a kwalejin horar da malamai, wanda kuma yake karatun digiri na biyu, ya aiko da wannan: "Mai duba aikina ya ce in yi nazari a kan ayyukan Farfesa Chris King na Ingila. Na shiga Google Scholar na ga da yawa daga rubuce-rubucensa gajeru ne, na mujallun malaman makaranta, kuma ban ga wata babbar nazariyya da ake kira da sunansa ba. Me ya sa ake ɗaukarsa jigo a fannin? Kuma da me zan auna tasirinsa in ba da yawan maƙaloli da yawan ambato ba?"

Amsa: Malam, Allah ya ba da sa'ar karatu. Mai duba aikinka ya zaɓa maka mutumin da ya dace, domin King na cikin malaman da ƙidayar maƙaloli ba ta isa ta nuna girman aikinsu. A wannan fanni, abin da ake tambaya game da malami shi ne me ya sauya a cikin aji saboda shi. King ya gano ƙofar da kuskure yake bi ya shiga kan yara, ya bi sawunsa har zuwa littafin karatu da malamin da ke riƙe da littafin, ya kawo gyara, sannan ya koma ya duba ko gyaran ya kama. Rubuce-rubucensa, gajeru da dogaye, duk a kan wannan hanya guda suke. In ka karanta su a warwatse za ka raina su. In ka jera su bisa shekarun da suka fito, za ka ga inda mutumin ya dosa tun daga farko.

Ka fara da tarihinsa, don shi ne zai fassara maka abin da ka gani a Google Scholar. Ya karanta jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ginin duniya, a Jami'ar Bristol, ya yi shekara biyar yana yi wa kamfanin De Beers aikin neman daimon a Afirka ta Kudu da Swaziland da Ostareliya. Da ya dawo gida ya yi horon koyarwa, ya shiga aji a makarantar sakandaren maza ta Altrincham, kusa da Manchester, ya yi shekara 19 yana koyarwa a can. Sai a 1996 ya koma Jami'ar Keele yana horar da malaman kimiyya, inda daga baya ya zama farfesan koyar da kimiyyar ƙasa. Ya yi ritaya a 2015, ya mutu a watan Fabrairun 2022. Ka ga ke nan lokacin da ya shiga jami'a, sa'anninsa da suka zarce da bincike tun ƙuruciya sun riga sun tara maƙaloli na shekara ashirin. Shi kuwa abin da ya shigo da shi sanin aji ne: ya san abin da yaro ɗan shekara 14 yake faɗa idan aka tambaye shi me ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Matsalar da ya tarar ta samo asali ne daga manhajar ƙasa da Ingila da Wales suka fara aiki da ita a 1989, bayan dokar gyaran ilimi ta 1988. Manhajar ta sa wani yanki na kimiyyar ƙasa cikin darasin kimiyya da kowane yaro zai ɗauka. Abin farin ciki ne ga masu jiyoloji, amma wa zai koyar? Malaman kimiyya na makarantun masu kemistiri ne da fiziks da bayoloji, mafi yawansu ba su taɓa zama ajin jiyoloji ba. Da King ya bincika inda waɗannan malamai suke samo abin da suke koyarwa, sai ya ga sun fi dogara da littattafan da aka rubuta wa ɗalibai da kuma abokan aikinsu, waɗanda su ma ba fanninsu ba ne. Daga nan tambaya ta gaba ta fito da kanta: su littattafan, daidai suke?

Shi da abokan aikinsa suka zauna suka bi littattafan shafi-shafi. Sakamakon da ya fi shahara shi ne wanda ya fito a 2010 a mujallar International Journal of Science Education. An duba littattafai 51 na kimiyya na makarantun sakandare, aka tarar a matsakaici kowane shafi na kimiyyar ƙasa yana ɗauke da kuskure guda. Da aka haɗa da manhajojin jarrabawa da takardun jarrabawar kansu, kurakuran da aka tattara sun haura 500. Inda suka fi taruwa shi ne bayanin duwatsun da ke samuwa daga taruwar yashi da laka, da girgizar ƙasa da tsarin cikin duniya, da kuma motsin farantan ƙasa, wato manyan falayen dutse da saman duniya ya kasu zuwa gare su. Ya ware guda 15 da suka fi yawan maimaituwa, ya kawo yadda littafin ya faɗa, da abin da masana suka tsaya a kai, sannan ya kawo misalin kuskure mai nauyi irin wannan a wani reshen kimiyya. Wannan dabara ta ƙarshe ita ta fi burge ni. Ya san malamin kemistiri ba zai ji zafin kuskuren jiyoloji ba sai an nuna masa kwatankwacinsa a fanninsa.

Bari in tsaya a kan kuskure guda, domin in ka fahimce shi ka fahimci dalilin aikin gaba ɗaya. Littattafai da yawa suna cewa ƙarƙashin ɓawon duniya akwai wani teku na narkakken dutse da ake kira mantil, kuma nahiyoyi suna yawo ne a kansa. Ba haka ba ne. Mantil, wanda ya kai zurfin kilomita 2,900, dutse ne sandararre. Hujjar kuwa daga girgizar ƙasa take. Duk girgiza tana aika igiyoyi iri biyu ta cikin duniya. Iri na farko yana matsa dutse yana saki, kuma yana iya ratsa sandararren abu da mai ruwa-ruwa. Iri na biyu yana karkaɗa dutse ne gefe da gefe, kuma ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa ko kaɗan. Na'urorin auna girgiza suna kama iri na biyun bayan ya ratsa mantil lafiya lau. Inda yake ɓacewa shi ne idan ya isa ɓangaren waje na cibiyar duniya, wanda shi ne narkakken ƙarfe. Tun farkon ƙarni na 20 masana irin su Richard Oldham da Beno Gutenberg da Harold Jeffreys suka shimfiɗa wannan, amma littattafan yara na shekarun 1990 suna nan suna faɗar akasinsa. A shekara ta 2000 King ya rubuta wata gajeriyar maƙala a mujallar malamai ta Teaching Earth Sciences a kan wannan batu, bayan ya gano cewa malaman ma haka suka ɗauka.

Abin da ke rikita mutane shi ne mantil yana motsi, kuma hankali yana cewa abin da ke malala dole ruwa ne. Ka ɗauki dunƙulen kwalta mai sanyi: in ka buga masa guduma zai farfashe, in ka ajiye shi ka bar shi tsawon lokaci zai baje da kansa. Dutsen mantil, cikin tsananin zafi da matsi, yana tafiya santimita kaɗan a shekara alhali yana sandare.

Za ka iya cewa to mene ne a ciki, yaro ya ce ruwa ko ya ce dutse? Akwai abu a ciki. Yaron da ya yarda akwai narkakken dutse ko'ina a ƙarƙashinsa ba shi da hanyar bayyana dalilin da ya sa Dutsen Kamaru yake aman wuta, har ya yi a 1999 da 2000, amma Dala da Goron Dutse ba sa yi. A wurinsa ko'ina aka huda wuta za ta fito. Wanda kuwa ya san mantil sandararre ne, dole ya tambayi kansa me ke narkar da shi a wasu wurare kaɗai, kuma amsar ita ce ƙofar ilimin gaba ɗaya: matsi ya ragu a inda faranta ke rabuwa, ko ruwa ya shiga dutse mai zafi a inda faranti ke nutsewa ƙarƙashin wani, ko zafi ya taso daga ƙasa a wani keɓaɓɓen wuri. Kuskuren farko yana kashe tambayar tun kafin a yi ta.

Wani kuskuren da ya yi yawa a binciken shi ne haɗa rududdugewar dutse da zaizaya a mayar da su abu guda. Na farko shi ne dutse ya raunana ya farfashe a inda yake, ba tare da an ɗauke shi ba. Na biyu shi ne ruwa ko iska ko nauyi ya kwashe ɓaraguzan ya yi gaba da su. Wanda ya taɓa hawa Kufena a Zariya ya ga ɓawon dutse yana sabulewa fale-fale yana nan kwance a wurinsa, ya kuma ga kwazazzabon da ruwan damina ya haƙa a gindin tudu. Aiki biyu ne daban, kuma maganin da manomi zai yi wa na biyun bai shafi na farkon ba. Akwai kuma masu cewa faranti shi ne ɓawon duniya kawai, alhali ya haɗa da saman mantil, kaurinsa ya kai wajen kilomita 100.

Wasu masu bincike suna ganin irin wannan aiki bai wuce gyaran rubutu ba. Ni ban yarda da su ba ko kaɗan. Kafin binciken, kowa yana gunaguni cewa littattafai suna da kurakurai. Bayansa, akwai adadi, akwai jerin wuraren da suka fi rauni, akwai hanyar da wani zai bi ya maimaita aikin a ƙasarsa. Mayar da gunaguni hujja aikin bincike ne cikakke.

King bai tsaya a nan ba, kuma wannan ne ya raba shi da da yawa. A 1999 aka kafa Sashen Koyar da Kimiyyar Ƙasa a Keele, wanda aka fi sani da ESEU, ya shugabance shi har 2015. Kuɗin aikin daga ƙungiyar kamfanonin haƙar mai da iskar gas na Birtaniya ya fito. Tsarin mai sauƙi ne: an horar da masu bita a sassan ƙasar, su je makaranta ko cibiyar horar da malamai da kayan aikinsu, su yi bita ta kamar minti 90, ba tare da an biya kuɗin bitar ba. Ba lacca ake yi ba. Ana raba wa malamai gwaje-gwaje, kowane rukuni ya gwada nasa da hannunsa, sannan ya nuna wa sauran, ya faɗi ko zai yi aiki a ajinsa. Dubban malamai da ɗaliban koyarwa sun bi ta wannan bita.

A lokacin, abin da masana horar da malamai suka fi tafiya a kai shi ne gajeriyar bita ta yini guda ba ta sauya komai, sai an daɗe ana bibiyar malami. King da Susannah Lydon suka koma makarantun da aka yi wa bita, bayan kamar shekara guda, suka tambaya ko wani abu ya sauya. A maƙalarsu ta 2009 sun ba da rahoton cewa mafi yawan makarantun da suka amsa sun shigar da gwaje-gwajen cikin tsarin darussansu. Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne malamin da ya san fanninsa ba ya sauya salo saboda minti 90, amma malamin da aka ɗora wa darasin da yake tsoro, yana neman abin kamawa, da ka miƙa masa abin da ya gwada da hannunsa ya ga ya yi, gobe zai shiga aji da shi.

Sai dai a nan ka buɗe ido, don mai jarraba ka zai tambaye ka. Waɗanda suka shirya bitar su ne suka auna ta. Shaidar kuma daga bakin malamai ta fito, kuma makarantar da ta ji daɗin bita ta fi saurin dawo da takardar tambayoyi a kan wadda ta manta da ita. Sannan shigar da gwaji cikin tsarin darasi abu ne daban da yaro ya fahimta. Binciken ya nuna koyarwa ta sauya; bai auna kan yaran kai tsaye ba. Batun kuɗin kamfanonin mai ma ka ambace shi a fili, mai karatu ya san wa ya ɗauki nauyi. Faɗin waɗannan ba ya rage wa aikin daraja, kuma nazarin da ya zama yabo zalla ba zai tsallake teburin jarrabawa ba.

Aikin da na tabbata zai fi daɗewa shi ne Earthlearningidea, wanda ya kafa tare da Peter Kennett da Elizabeth Devon saboda shekarar 2008, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware domin duniyar da muke ciki. Su ukun aikin sa kai suka yi. A shekarar suna fitar da sabon darasi kowane mako a intanet, kyauta, daga baya suka koma kowane mako biyu. Tun farko sun yi niyyar darussan su yi amfani a ajin da ba shi da ɗakin gwaje-gwaje, shi ya sa kayan da ake bukata yashi ne da gari da kwalba da igiya da katako. Masu sa kai a ƙasashe daban-daban sun fassara su zuwa harsuna irin su Sifaniyanci da Italiyanci da Jamusanci da Fotugis da Sinanci, kuma an sauke su sau miliyoyi.

Ga guda ɗaya, don ka ga yadda ake gina su. Ana samun akwatin roba wanda ake ganin cikinsa, a tsayar da ɗan allo a gefe guda daga ciki. A zuba busasshen yashi a baje, a barbaɗa farin gari siriri a jikin bangon da yara ke kallo, a sake zuba yashi, a sake gari, har a sami layuka kamar uku fari tsakanin ja. Kafin a taɓa komai malam zai ce wa yara su zana abin da suke zaton zai faru. Sai a tura allon a hankali. Da farko layukan suna lanƙwashewa, su yi tudu. In aka ci gaba, sai ka ga layi ya tsinke, ɓangare guda ya hau kan ɗaya, saman yashin ya ɗaga ya fi yadda yake. Cikin rabin minti yaro ya ga lanƙwasa da tsagewa da tashin tudu da idonsa. Daga nan malam ya kawo tambayar da aka shirya darasin dominta: dutsen da ke ƙololuwar Everest, a tsayin da ya haura mita 8,800, farar ƙasa ce mai ɗauke da ragowar halittun teku, to me ya kai ta can? Yaron da ya tura allo da hannunsa shi zai ce maka wani abu ne ya matso daga gefe. Sannan a gaya masa cewa Indiya ce ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, kuma har yanzu tana turawa.

Wannan umarni na "ku zana kafin a tura" ba ado ba ne. King ya ɗauko shi daga aikin Philip Adey da Michael Shayer na King's College a Landan kan haɓaka tunanin yara ta darasin kimiyya. Tsarin shi ne yaro ya fara gina zatonsa, ya ci karo da abin da ya saɓa masa, ya yi magana a kan yadda ya yi tunanin, sannan ya ɗauki abin da ya koya daga akwati ya kai shi kan dutsen gaske. In ka buɗe takardun Earthlearningidea za ka ga sashe na musamman a kan wannan. Ka ce ba ka ga nazariyya a aikinsa ba. Tana nan, amma a cikin darussan ya binne ta, inda malami zai yi aiki da ita ko da bai san sunanta ba.

Sauran ayyukansa na ƙasa da ƙasa zan taƙaita su. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar koyar da kimiyyar ƙasa ta duniya, IGEO, a shekara ta 2000, kuma shi ne shugabanta na farko. Ƙungiyar ce ke bayan gasar kimiyyar ƙasa ta ɗaliban sakandare ta duniya da aka fara a Koriya ta Kudu a 2007. Ya jagoranci tsara manhajar abin da ya kamata kowane yaro ɗan shekara 16 ya sani game da duniya, ya kuma rubuta littafin karatu na kyauta a kanta, wanda aka tsara yadda kowace ƙasa za ta cire misalan da ke ciki ta sa nata. A ƙarshen rayuwarsa ya yi aiki da ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai wajen horar da malaman da za su riƙa yin irin bitar ESEU a ƙasashensu, ciki har da Indiya da Maroko. Idan kuma maƙala guda kake nema da za ka fara da ita, ka ɗauki doguwar bitar da ya yi wa fannin gaba ɗaya a mujallar Studies in Science Education a 2008. A ciki ya jera abin da ya sa tunanin mai jiyoloji ya bambanta: karanta abin da ya riga ya faru daga alamun da ya bari, hango abu ta fuska uku, riƙe tsawon zamani na miliyoyin shekaru a kai, kallon duniya a matsayin tsari mai haɗe da juna, da aikin fili.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Ma'aunin da ka fi gani a Google Scholar shi ne wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005, mai alamar h. Idan aka ce na mutum 20 ne, yana da maƙaloli 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yana da amfani in ana gwada mutane biyu a fanni guda masu shekarun aiki kusan ɗaya. Amma ambato yana zuwa ne daga masu rubuta maƙala, kuma mutanen da King ya fi yi wa rubutu ba sa rubuta maƙala. Malamar da ta sauke darasin akwatin yashi ta koyar da yara 200 da shi ba za ta taɓa bayyana a wannan lissafi ba. Mujallun malamai irin su Teaching Earth Sciences ma manyan rumbunan ƙidaya ba su cika lissafa su ba. Ga shi kuma fannin ƙarami ne, masu bincike a cikinsa ba su kai na koyar da fiziks ko lissafi ba, don haka ko fitacciyar maƙala ba za ta tara abin da ta wani fannin ke tarawa ba. Ba a wannan fanni kaɗai ake ƙorafin ba. Sanarwar San Francisco ta 2012 kan tantance bincike ta yi kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a duba aikin kansa.

Ban ce ka watsar da lambobin ba. Ka kawo su, ka faɗi ranar da ka ɗauko su da rumbun da ka ɗauko, domin suna sauyawa kuma rumbunan ba sa daidaita da juna. Amma ka buɗe waɗanda suka ambace shi ka ga me suka yi da aikin. Wanda ya sa sunansa a gabatarwa cikin jerin mutum goma daban yake da wanda ya ɗauki hanyarsa ta tantance littattafai ya yi aiki da ita a ƙasarsa. Na biyun guda ɗaya ya fi na farkon hamsin. Bayan haka ka nemi sawun da ba a ƙidayawa: fassarorin da wasu suka yi ba tare da an biya su ba, cibiyoyin da suka ci gaba bayan ya bar su, malaman da ya horar waɗanda yanzu su ke horarwa. Earthlearningidea ta ci gaba da fitar da darussa bayan mutuwarsa, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi.

Zai taimake ka ka ajiye shi kusa da wasu biyu. Nir Orion na Cibiyar Weizmann a Isra'ila ya fi King gina nazariyya. Maƙalarsa da Avi Hofstein ta 1994 ta nuna cewa yara ba sa koyon kirki a fita fili idan komai baƙo ne a gare su, wato darasin, da wurin, da yanayin fitar kanta, sai an rage wannan baƙunta tun a aji. Julie Libarkin da Steven Anderson a Amurka kuwa sun gina jerin tambayoyi da aka tantance don auna fahimtar ɗaliban jami'a, wanda ya fito a 2005. Orion ya ba fannin tunani, Libarkin ta ba shi ma'auni, King ya kai kayan aji. Su kansu King da Orion sun yi aiki tare a IGEO shekaru da yawa, kuma ban ga amfanin tambayar wa ya fi wani ba.

Iyakar tasirinsa ma ka rubuta ta. Duk da wannan ƙoƙari, jiyoloji bai zama babban darasi a makarantun Ingila ba, masu ɗaukarsa a jarrabawar ƙarshen sakandare kaɗan ne, kuma tallafin ESEU ya ƙare a 2015. Har gobe za ka buɗe littafi ko bidiyo ka ji ana cewa nahiyoyi suna iyo a kan narkakken dutse. Mutum guda ba ya juya manhajar ƙasa, kuma abin yana damuna, domin ilimin da ake ragewa shi ne wanda ke gaya wa mutane inda ruwan rijiyarsu yake fitowa da abin da ke cikin dutsen da suke niƙawa. Mu da muka ga yara sama da 400 sun mutu a Zamfara a 2010 saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake daka su a cikin gidaje, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Shawarata gare ka, Malam, kada kundinka ya tsaya a tarihin wani Bature. A wurinmu kimiyyar ƙasa a cikin labarin ƙasa take, wanda ba kowane ɗalibi ke ɗauka ba, sai ɗan abin da ake taɓawa a kimiyyar ƙaramar sakandare, kuma malaman da kake horarwa su ma da littafi za su dogara. Ka ware babi guda ka gwada hanyar King a kan littattafan da ɗalibanmu ke karantawa don WAEC da NECO. Ka zaɓi waɗanda aka fi amfani da su a jiharka, ka ƙidaya shafukan da suka shafi cikin duniya da duwatsu da girgizar ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Duk jimlar da ka zarga ka kwafe ta yadda take, da lambar shafi, har da zane-zane, don kurakurai da yawa a zane suke ɓuya. Ka raba abin da yake kuskure ne tsantsa da abin da aka sauƙaƙa don yara amma bai saɓa wa gaskiya ba, domin a nan ne za a fi ja da kai. Sannan ka sami malamin jiyoloji a jami'a mafi kusa ya yi nasa hukuncin ba tare da ya ga naka ba, ku gwada, ka rubuta sau nawa kuka dace da yadda kuka warware inda kuka saɓa. Ka fara da shafin da aka zana cikin duniya, ka duba abin da aka rubuta a kan mantil.